Zare, Ƙarfe ko Gam: Da Me Ake Rufe Yankan Tiyata a Ƙafa?

Likita ya gama gyara karayar idon sawu, ya ɗaure ƙashi da ƙusoshi, saura rufe fata. Masu jinya sukan ɗauka an gama, alhali a ƙafa daga nan wahalar take farawa. Fatar idon sawu siririya ce, tana manne da ƙashi babu tsoka a tsakani, jini ba ya wadatar ta kamar fatar fuska, ga kumburi da zarar an sauke ƙafa ƙasa. Shi ya sa zaren fuska akan cire shi bayan kwana 5, na ƙafa kuwa sai wajen kwana 14, mai ciwon suga ma yakan kai mako uku.

Zaren nailan, wanda ba ya narkewa, shi ne tsohon hannu. Likita na iya sassauta kowane ƙulli yadda fatar za ta ɗauka. A dunduniya, inda yanka ya fi saurin buɗewa, akwai salon ɗinkin Allgöwer-Donati: a gefe ɗaya allura ba ta huda fata ta fito waje, don kada a shaƙe jinin gefen. Zare mai narkewa kuma a ƙarƙashin fata ake binne shi, babu ranar cirewa, tabonsa ya fi kyau, sai dai wani jikin yakan yi ja ya tofo shi.

Maƙalan ƙarfe, irin na sitefila, sauri ne amfaninsu. Wani nazari da mujallar BMJ ta buga a 2010 ya nuna ƙwayoyin cuta sun fi shiga yankan da aka rufe da su a tiyatar ƙashi, amma galibin marasa lafiyar aikin ƙugu da gwiwa aka yi musu, kuma nazarin da ya biyo baya bai ga bambanci mai ƙarfi ba. Cire su dai da zafi, wanda ya ɗanɗana ya sani.

Gam na Dermabond, da Amurka ta amince da shi a 1998, ƙaramin yanka ya dace da shi, inda fata ba ta ɗame ba.

A ganina an fi ƙarfafa gardamar kayan ɗinki fiye da kima. Fatar da aka ja da ƙarfi za ta buɗe ko da me aka rufe ta. Shi ya sa likita kan jinkirta aikin karaya kwanaki, har kumburi ya sace fata ta fara tattarewa, ya hana shan taba, ya ce a ɗora ƙafa kan matashi.