Komawa Gudun Dogon Zango Bayan Jinyar Ƙafa

Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi tana kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, a yankin da Kogin Kwara ya shigo ƙasar nan. A garuruwa irin su Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya, kamar sauran sassan Arewa, akwai matasa masu gudun dogon zango ba don neman kuɗi ba. Wasu lafiyar jiki suke nema, wasu kuwa shiri suke yi domin gwajin shiga aikin soja ko kwastan ko 'yan sanda. Irin wannan matashi ba shi da mai horarwa, ba shi da likitan wasanni. Idan ciwon ƙafa ya kwantar da shi, shi kaɗai yake yanke wa kansa ranar komawa fili, kuma a nan ne kuskure ya fi aukuwa.

Dalilin kuwa shi ne, sassan jikin ɗan Adam ba sa murmurewa lokaci guda. Zuciya da huhu da tsoka suna dawo da ƙarfinsu cikin 'yan makonni da fara motsa jiki. Ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara, sai sun ɗauki watanni. Saboda haka mai gudu yakan ji numfashinsa ya daidaita, ya zaci ya warke, alhali ƙwaurinsa bai shirya ɗaukar nauyi ba.

Nauyin kuwa ba kaɗan ba ne. Duk lokacin da ƙafar mai gudu ta dira ƙasa, tana karɓar ƙarfin da ya kai ninki 2 zuwa 3 na nauyin jikinsa. Wato mutum mai nauyin kilo 60 yana ɗora wa ƙafa ɗaya abin da ya kai kilo 120 zuwa 180, kuma a gudun kilomita 10 yakan yi taku wajen 10,000.

A shekarar 1892 wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana sake gina kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Wasu ƙwayoyin halitta ne ke fara cinye ɓangaren da ya gaji cikin makonni kaɗan, sa'an nan wasu su cike gurbin da sabon ƙashi cikin wata 3 zuwa 4. A tsakanin rushewa da cikewa ƙashin yana da rauni. In aka ci gaba da dukansa a wannan lokaci, sai ya yi siririn tsagu ba tare da faɗuwa ko buguwa ba. Tun a 1855 wani likitan sojan Furushiya mai suna Breithaupt ya lura da wannan ciwo a ƙafafun sojoji bayan doguwar tafiya. Ko gwanaye ba su tsira ba: Abebe Bikila na Habasha, wanda ya lashe gudun fanfalaki na Olamfik a 1960 da 1964, ya janye daga gasar Meziko ta 1968 saboda tsagewar ƙashin ƙafa.

Alamar tsagewa ita ce ciwo a wuri guda, wanda za a iya nunawa da ɗan yatsa, yana ƙaruwa da gudu, wani lokaci har da dare. Hoton ƙashi sau da yawa ba ya nuna shi a makonni 2 zuwa 3 na farko. Maɗori kuma ba shi da abin da zai ɗora, domin ƙashin bai goce ba, kuma ja da matsa ba sa ƙara masa komai sai wahala. Yawancin irin wannan tsagewa tana warkewa da hutun mako 6 zuwa 8. Amma wadda ta faru a gaban ƙwauri ko a wuyan ƙashin cinya tana da haɗari, tana bukatar ƙwararru irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Masana gashin ƙashi sun ba da ma'auni mai sauƙi kafin komawa. Mai jinya ya iya tafiyar minti 30 da sauri babu ciwo, ya danna wurin bai ji zafi ba, ya kuma yi tsalle da ƙafa ɗaya lafiya. Daga nan sai ya fara haɗa tafiya da sassarfa, alal misali minti 1 na gudu da minti 4 na tafiya, yana tsallake kwana ɗaya tsakani. A fara ƙara nisa, sauri ya biyo baya. Hanyar jar ƙasa mai shimfiɗe ta fi dacewa da wannan mataki bisa ga rairayin bakin kogi, wanda ke ƙara wa agara aiki.

An daɗe ana cewa kada ƙari ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako. Sai dai wani bincike da aka buga a 2008 daga Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan, a kan sababbin masu gudu 532, ya nuna kusan mutum 1 cikin 5 ya ji ciwo, ko ya bi wannan ƙa'ida ko bai bi ba. Ashe ƙidaya kaɗai ba ta isa ba. Abin lura shi ne yadda ƙafa ta wayi gari: in ciwo ya kai washegari, a koma matakin baya.

Wannan ne ya sa shan maganin kashe zafi kafin gudu, kamar diclofenac ko tramadol, yake da illa, domin yana toshe gargaɗin da jiki ke bayarwa. Bugu da ƙari, a 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tsaurara gargaɗi cewa ciprofloxacin da danginsa na iya haddasa tsinkewar agara. Wanda ya sha shi saboda taifot ya sanar da likita kafin ya koma fili.

Kayan gina ƙashi kuwa suna nan a kasuwannin yankin: nono, da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, da zogale, da miyar kuka, duk suna ɗauke da sinadarin kalsiyam. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi kan haura digiri 40, bayan sallar asuba ne lokacin atisaye. Wanda gwajin ɗaukar aiki ke gabansa ya ƙidaya watanni 3 daga ranar da ciwo ya ɗauke, domin in ƙashin ya sake tsagewa, jinyar ta biyu takan fi ta farko tsawo.