INJI MAI ƘWAƘWALWA DA SANKARAR BAKIN MAHAIFA

A cikin cututtukan da ke ɗauke mata a ƙasashen Afirka, sankarar bakin mahaifa tana sahun gaba. Ƙungiyar duniya mai kula da kiwon lafiya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kimanin dubu 660 ne suka kamu da ita a duniya, kimanin dubu 350 kuma suka rasu ta dalilinta. Cikin waɗanda suka rasu, sama da 90 bisa 100 ƴan ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki ne. Abin da ya ƙara wa lamarin ciwo shi ne, wannan cuta ba ta faɗa wa mace dare ɗaya. Tana ba da sarari mai tsawo, amma sai sararin ya wuce ba a duba ba.

Wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV take haddasa ta, ana ɗaukarta ta hanyar saduwar namiji da mace. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya tabbatar da haka, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Akasarin matan da suka ɗauki ƙwayar, jikinsu yakan kawar da ita ba su ma sani ba. Ga waɗansu kuwa sai ta zauna, tana canza fatar bakin mahaifa sannu a hankali, har shekara 15 zuwa 20 kafin abin ya zama sankara. Macen da ke ɗauke da ƙwayar sida ta fi sauran mata haɗarin kamuwa har ninki 6, kuma abin ya fi sauri gare ta. A duk tsawon waɗannan shekaru babu zafi, babu jini, babu abin da zai sa mace ta nufi gidan likita. Sai an duba ake gani.

A ƙasashe da dama na Afirka, hanyar dubawa mai araha ita ce ta ruwan tsami, irin binegar da ake zubawa a salati. Ungozoma ko majo takan shafa shi a bakin mahaifa, ta jira minti guda, ta haska fitila. Inda fata ta fara lalacewa yakan yi fari. Hanyar ba ta bukatar komi sai ido, kuma nan ne rauninta yake. Fari iri-iri ne. Abin da wannan ungozoma ta kira cuta, waccan tana iya cewa lafiya lau, kuma ko idon gwana yakan gaji bayan ta duba mace talatin a yini. Ta haka akan sallami mai cuta ta koma gida da kwanciyar hankali, a kuma yi wa mai lafiya maganin da ba ta bukata.

Yadda aka koya wa inji gani

A nan ne masu bincike suka nemi taimakon abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato koya wa inji mai ƙwaƙwalwa ya rarrabe abubuwa da kansa. Labarin ya faro daga wani lardi mai suna Guanacaste a ƙasar Kosta Rika, cikin Amurka ta tsakiya. Tun daga 1993, cibiyar binciken sankara ta ƙasar Amurka da likitocin Kosta Rika suka shiga bin lafiyar mata sama da dubu 9 da 400 na wannan lardi. Ana shafa musu ruwan tsami, a ɗauki hoton bakin mahaifa, a ajiye. An bi waɗansunsu har shekara 18. Da haka hotuna fiye da dubu 60 suka taru, kuma darajarsu ita ce an san ƙarshen kowace mace: wadda ta zauna lafiya da wadda cuta ta bayyana gare ta daga baya.

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san yadda ake koyon baƙi. Malami ba ya tsayawa bayanin tsawon sandar «b» ko faɗin cikinta. Yana rubuta ta a allo sau da yawa, ɗalibi ya faɗa, in ya yi kuskure a gyara masa, har ranar da ido zai gane ta ba tare da tunani ba. Kusan haka aka yi wa injin. Aka riƙa nuna masa hoto, ya ba da amsa, a gwada amsarsa da abin da ya faru ga matar, in ya kuskure ya gyara lissafinsa. Ba wanda ya gaya masa irin farin da zai nema. Shi ya tsinto alamomin daga yawan gani.

A watan Janairu na 2019, Lokotoro Mark Schiffman da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon. A kan hotunan Guanacaste, injin ya fi ƙwararrun da suka duba hotunan da idonsu gane cutar da ke shirin zama sankara, ya kuma fi tsohon gwajin nan da ake kankaro fatar bakin mahaifa a duba ta da madubin likita. Labarin ya bazu a duniya. Aka fara hangen ranar da ungozomar ƙauye za ta ɗauki hoto da wayar salula, cikin ɗan lokaci wayar ta gaya mata ko a yi magani ko a sallami matar.

Sai dai murnar ta zo da wuri. Da aka kai dabarar waɗansu wurare, aka ba ta hotunan da aka ɗauka da waɗansu na'urori, sai ta fara tuntuɓe. Har ma akan ɗauki hoton mace guda sau biyu a zama ɗaya, injin ya ce wannan cuta, wancan lafiya. Ɗalibin da ya koyi karatu da rubutun littafi kaɗai, ranar da aka miƙa masa wasiƙar hannu yakan tsaya yana kallo. Abin da ya sami injin ke nan. Hotunan Kosta Rika duk da irin kyamara guda aka ɗauke su, ya saba da haskenta da launinta. Abin yabo a nan shi ne masu binciken da kansu suka fito suka faɗi wannan rauni a rubuce, ba su jira wani ya tona ba.

Suka koma suka sake gini. Sun tara hotuna daga ƙasashe da na'urori dabam-dabam, sun kuma koya wa injin amsa ta uku bayan «lafiya» da «cuta», wato «akwai shakka». Bugu da ƙari, sun daina dogara ga hoto shi kaɗai. Mace takan fara ɗaukar ɗan ruwan jikinta da kanta da tsinken auduga, a auna a ga ko tana da ƙwayar HPV, da kuma ko wane iri ce, don iri biyu, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke haddasa kimanin 70 bisa 100 na wannan sankara. Wadda aka samu da ƙwayar ita kaɗai ake ɗauka hoto. Wannan tsari yana rage wa mata nauyin kunya, wadda ba ƙaramin shinge ba ce tsakaninsu da gidan likita. An shirya gwada shi a ƙasashe tara ƙarƙashin wani bincike mai suna PAVE, cikinsu har da Nijeriya da Malawi da Tanzaniya.

Jan hankali ga masu sa hannu

Ya kamata ma'aikatan da ke da alhakin sayen kayan asibiti su riƙe wannan labari, don masu tallar irin waɗannan injuna ba su da ƙarancin zaƙin baki. Kamfanin IBM ya taɓa tallar wani inji mai suna Watson, da alkawarin zai riƙa ba likitoci shawarar maganin sankara. Babban asibitin MD Anderson na birnin Houston a Amurka ya kashe dalar Amurka kimanin miliyon 62 a kansa, aka jingine aikin bai shiga jinyar yau da kullum ba, a 2022 kuma kamfanin ya sayar da wannan sashe nasa. A ƙasar Suwidin kuwa an bi ta sannu. An raba mata kimanin dubu 80 da suka zo hoton nono gida biyu: rabi likitoci biyu suka duba hotunansu kamar yadda aka saba, rabi kuma da taimakon inji. Sakamakon da aka bayar a 2023 ya nuna an gano sankara 244 a ɓangaren inji, 203 a ɗaya ɓangaren, aikin duban hotuna kuma ya ragu da kashi 44 bisa 100. Amma ko a can, likita ne ke yanke magana ta ƙarshe. Saboda haka kafin a sa hannu a takardar saye, sai a tambaya da hotunan waɗanne mata aka koya wa injin, a ina aka gwada shi, wa zai gyara shi in ya lalace, kuma ina hotunan matan ƙasa za su tafi bayan an ɗauke su.

Ganin cuta kuma ba shi ne warkar da ita ba. In an tarar da ita tun ba ta zama sankara ba, maganin yana da sauƙi: akwai wata ƴar na'ura mai aiki da batir, ana ɗora kanta mai zafin digiri 100 a wurin da ya yi fari, kowace ɗorawa ba ta kai minti guda ba, matar ta koma gida ranar. Ungozomar da aka horar tana iya yin wannan. Amma in babu na'urar a wurin da aka yi hoton, aka ce wa matar ta dawo wani wata ko ta tafi birni, sau da yawa ba a sake ganinta sai ciwo ya ci ƙarfinta. A lokacin sai fiɗa, ko ƙona sankarar da haske. A Nijar, sai a 2021 aka buɗe sashen wannan ƙonawa a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar duniya mai kula da makamashin nukiliya. Kafin nan sai an fita waje. Ko yanzu, macen da ta taso daga Damagaram tana da tafiyar kusan kilomita 900 a gabanta, ga kuɗin mota, ga masauki na makwanni, ga ƴaƴa da aka baro a gida.

A watan Nuwamba na 2020 OMS ta sa wa ƙasashe buri uku zuwa shekarar 2030: a yi wa kashi 90 bisa 100 na ƴan mata allurar rigakafin HPV kafin su wuce shekara 15, a duba kashi 70 na mata sau biyu, a shekara 35 da kuma 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar magani. Inji mai duban hoto a buri na biyu kaɗai yake da hannu. Na farko da na uku aikin allura ne da ma'aikata da kuɗin da gwamnati ta ware, da kuma yardar maigida ya bar iyalinsa su je awo.

Shawarar ƙungiyar ita ce mace ta fara zuwa awo daga shekara 30, mai ɗauke da ƙwayar sida kuwa daga shekara 25, ko da ba ta jin ciwon komi. Wadda take ganin jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke mata, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, kada ta jira zuwan wani inji: ta nufi gidan likita mafi kusa a duba ta.