Ko Ka San Ƙamshin Ɗanyar Ciyawa Saƙo Ne Ga Ƙwari?

Idan damina ta kankama a Tamale, masu kiwon tumaki a gidajen Sabonjida ba sa rasa ɗanyar ciyawa. Samari kan fita bayan gari da lauje ko adda, su dawo da ɗauri a bayan keke ko cikin motokin, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, kuma kafin a sauke kayan ƙamshin ya riga ya cika zaure. Amma da za ka je ka tsaya a cikin ciyawar tun ba a taɓa ta ba, abin da zai fi dukan hancinka ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne. Ganye ba ya ajiye ƙamshin ɗanyar ciyawa a jikinsa. Sai an ji masa ciwo yake haɗa shi, nan take, cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Kowane ganye tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. A cikinsu akwai wani ɗan maiƙo, akwai kuma sinadaran da ake kira enzayim, kowanne a ɗakinsa, kamar ashana da kananzir da aka raba wa wurin ajiya. Da lauje ya ratsa, bangon ya fashe, sai su gauraya da iska. Enzayim na farko ya liƙa wa maiƙon iskar oksijin, na biyu ya datse shi gida biyu. Guntun da ya fi ƙanƙanta, mai ƙwayoyin kabon 6, ba shi da nauyi, sai ya tashi sama. Shi ne heksenal, kuma hancin ɗan Adam yana da matuƙar kaifi a kansa: ko kashi ɗaya cikin biliyan 4 aka sa a ruwa, ana iya jin sa. Tun a 1912 wasu Jamusawa biyu, Curtius da Franzen, suka tace irinsa daga ganyen bishiya a Haidelbag. Danginsa ne ke cikin ƙamshin tumatirin da aka yanka yanzu.

Wannan ne ya sa injin yankan ciyawa ya fi lauje tayar da ƙamshi. Lauje mai kaifi sara ɗaya yake yi wa kara. Wuƙar inji kuwa juyawa take tana daddatsa ganye tana murje shi, kuma yawan rauni shi ne yawan ƙamshi. Sai dai heksenal ba ya zama wuri ɗaya, yana rikiɗa yana bin iska. Shi ya sa ciyawar safe kan yi lami kafin la'asar, ingirici da harawa kuma nasu ƙamshin daban ne.

To me ciyawa ta ƙaru da shi? Abu na farko, waɗannan sinadarai suna rage wa ƙwayoyin cuta kuzari a bakin raunin. Na biyun ne abin mamaki, domin ƙwari sun shigo cikinsa.

Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin laka da zanzaro ya gina a kusurwar bango ya san abin da ke ciki: tsutsotsin ganye a jibge, a sume, abincin 'ya'yansa. Zanzaro na da ƙananan dangi, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, waɗanda ko gini ba sa yi. Cikin jikin tsutsar suke saka ƙwai, ɗan ya ƙyanƙyashe ya cinye ta daga ciki. A 1990, Ted Turlings da abokan aikinsa a Fulorida ta Amurka suka nuna cewa irin wannan ƙwaro ƙamshin masarar da tsutsa ta ci yake bi har ya same ta. Da suka karce ganye da reza kawai, ƙwaron bai cika kula ba. Da suka shafa yawun tsutsa a kan karcen, bayan wasu sa'o'i sai shukar ta soma fitar da ƙarin wasu sinadarai, ƙwari kuma suka nufo ta. A 2010, Silke Allmann da Ian Baldwin suka gano makamancin haka a jikin tabar daji a Yuta: yawun tsutsar ne da kansa ke juya heksenal zuwa wani fasali, wanda ke jawo masu cin ƙwanta da 'ya'yanta. Da bakinta take tona wa kanta asiri.

Wasu marubuta kan ce ciyawa ihu take yi, tana kukan neman agaji. A ganina an zuzuta. Ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta da jijiyar jin zafi. Abin da aka tabbatar ma ya isa: an gwada a masara, an ga shukar da wannan ƙamshi ya taɓa daga maƙwabciyarta ta fi saurin kare kanta idan tsutsa ta iso gare ta.

Manoman arewacin Gana sun san dangin tsutsar da Turlings ya yi aiki da ita, domin tun 2016 da baƙuwar tsutsar masara ta ɓullo a Afirka ta Yamma take shiga zuciyar shuka tana barin gari-gari kamar na katako. A Kenya, cibiyar binciken ƙwari ta icipe ta daɗe da mayar da ƙamshin tsiro makami: a shuka tsiron desmodiyum tsakanin kunyoyin masara don ya kori malam-buɗe-littafin da ke saka ƙwan tsutsa, a kewaye gonar da ciyawar da ke jawo shi waje. Ita kuma ciyawar gefen, idan ta yi tsawo, yanka ta ake yi a kai wa dabbobi.