Ɗan Gulbi da Gulbin Kaba

Ɗan Gulbi gari ne a gundumar Dakoro, cikin jihar Maraɗi. Ba shi da ganuwa, ba shi da babbar fada irin ta Tsibiri. Amma ƙaramin gari ma yana da tarihi. Tarihin Ɗan Gulbi ya fara daga sunansa.

Garin yana kusa da wani kwari da ake kira Gulbin Kaba. Kwarin ya taso daga Nijeriya, ya shigo Nijar, ya bi ta Mayahi, sa'an nan ya miƙa yamma. A zamanin da can, ruwa yana gudu a cikinsa sosai. Yanzu gulbin ya ƙafe, sai dai ruwa ya kwanta nan da can da damina. Amma a ƙarƙashin rairayi akwai ruwa. Inda ake samun rijiya, nan mutane suke kafa gari.

A da, arewacin Maraɗi daji ne mai faɗi. Buzaye da Fulani suna kiwo a ciki. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare, a farkon ƙarni na 20, manoma Hausawa suka riƙa tasowa daga kudu suna neman gonaki. Suka yi sassabe, suka gina rijiyoyi, suka shuka hatsi da dawa da wake. Haka ƙauyukan wannan yanki suka yawaita.

A zamanin mulkin Faransa, Ɗan Gulbi yana cikin ƙasar sarkin Kornaka. Nijar ta sami ƴancin kai a shekarar 1960. Bayan haka fari ya zo a 1973, ya sake dawowa a 1984. Hatsi ya yi wuya, dabbobi suka mutu, mutane da yawa suka tafi cin rani. A shekarar 2002 aka yi dokar kafa ƙananan hukumomi. Ɗan Gulbi ya zama babban garin ƙaramar hukuma. A 2004 mutane suka zaɓi wakilansu.

Me ya sa ake cewa Gulbin Kaba? Saboda kaba ce ta cika kwarin. Kaba ita ce ƙaramar goriba. Da ganyenta ake saƙa tabarma da malafa, ana tufka igiya. Idan ana yankan ta kullum, ba za ta girma ta zama goriba ba. In goriba ta ƙare, iska za ta kwashe ƙasar gona, masu saƙa kuma su rasa sana'a. Shi ya sa manoma da yawa suke barin ƙananan itatuwa su girma a gonakinsu.

Yawancin tarihin ƙauye ba a rubuce yake ba. Yana bakin tsofaffi. In ba a tambaye su ba, zai tafi tare da su.

Tambayoyi
1. Me ya jawo mutane suka zauna kusa da Gulbin Kaba?
2. Me ake yi da kaba?
3. Ku tambayi kakanninku: wa ya gina rijiyar farko a garinku?