Injiniyancin Halittu Ba Ƙofar Baya Ba Ce ta Shiga Likitanci

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, yaran da makinsu bai kai na likitanci ba sukan sami mai ce musu su koma injiniyancin halittu, wai ai duk harkar asibiti ce. Shawarar nan tana da haɗari.

Kwas ne na injiniyanci zalla. Shekara 5 ake yi a jami'o'in Najeriya, kuma lissafi da fiziks ne ginshiƙinsa. Ana karanta jikin ɗan Adam ne domin a san irin na'urar da za a ƙera masa. Wanda lissafi ya wahalar a sakandare, a nan ma zai tarar da shi yana jiransa, har ya ƙara girma.

Fannin kuwa ya yi wa duniya rana. Daga cikinsa aka sami na'urar daidaita bugun zuciya, wadda aka fara dasa wa mutum a Siwidin a 1958, da insulin ɗin masu ciwon suga da ƙwayoyin bakteriya ke sarrafawa, wanda Amurka ta amince da shi a 1982. Har a gona akwai sawunsa: waken SAMPEA 20-T, da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar a 2019, an sa masa ƙwayar halittar da ke kashe tsutsar da ke huda kwanson wake.

Sai dai irin wannan aiki sai wanda ya kai digiri na biyu ko na uku. Mai digirin farko a nan gida, yawanci kula da injina ne rabonsa, ko dai a asibiti ko a kamfanin da ke shigo da su. Kada kowa ya raina wannan. Leƙa ɗakin jarirai bakwaini a wasu asibitocinmu, za ka ga kwalabar reno an tura ta lungu, ƙura ta lulluɓe ta, don kawai wuta ta ƙona wani ɗan allo a cikinta, an rasa mai gyara.

Idan kana da sha'awa, kafin ka cike fom je ka ga ɗakin gwajin sashen da idonka, ka tambayi 'yan ajin ƙarshe inda suka yi SIWES, sannan ka tabbatar NUC da COREN sun tantance kwas ɗin.