Wayar fitilun gida: kauri, inganci da wurin haɗi

Duk wanda ya taɓa gini ya san lokacin da mai wayarin zai miƙo masa takarda: wan-fayif nadi kaza, tu-fayif nadi kaza. Yawancinmu kuɗin kawai muke dubawa. Waɗannan lambobi kaurin jan ƙarfen da ke cikin robar suke nunawa. A gidajenmu, inda wutar take bolt 230, an saba ja wa fitilu da fankar silin waya mai murabba'in milimita 1.5, soket kuwa 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hita su samu 4.

Gaskiya 1.5 ta wadatar da fitilu, har da rara. Ƙwan LED mai wat 9 guda goma wat 90 ne, bai kai rabin amfiya ba. Ƙara fanka uku, kowace wajen wat 75, duka-duka ba a wuce amfiya ɗaya da rabi ba, alhali wayar 1.5 ta gaske a cikin bututun bango tana ɗaukar amfiya 14 zuwa sama. To me ya sa ake jin ƙaurin roba a silin?

Da farko, ba kowace waya da aka rubuta wa 1.5 ce ta cika 1.5 ba. Akwai wadda aka rage wa ƙarfe aka ƙara wa roba don ta cika ido. Akwai kuma alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, shi kuwa alminiyom kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi yake iyawa. Ka fere bakin wayar ka kankare da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, mayar wa mai shago kayansa. Ka kuma ɗaga nadin ka ji. A mita 100 na wayar 1.5, jan ƙarfen kaɗai ya kai kilo 1.3, ban da roba. Tambarin hukumar SON yana da amfani, amma tambari ma ana buga na jabu, don haka wuƙar ta fi.

Sai zafi. Lissafin da ke littattafan ƙa'ida an yi shi ne a kan digiri 30. Tsakanin silin da kwano a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri, ai ba a maganar 30. A digiri 50, wayar PVC kusan kashi 71 cikin 100 na ƙarfinta ke saura. Wannan ne dalilin da ban goyi bayan a sauka zuwa milimita 1 don tsimi ba, ko da yake a Ingila ana amfani da ita.

Nisa ma yana cin wuta. Wayar 1.5 mai ɗauke da amfiya 5 tana zubar da bolt 7 da ɗoriya a mita 50, ƙa'idar Birtaniya da masu wayarin namu suka gada kuwa ta ce kada layin fitila ya rasa fiye da kashi 3 cikin 100, wato bolt 6.9. Layi mai nisa zuwa katanga ko shagon ƙofar gida, a ba shi 2.5. Masu haɗa fitila kai tsaye da batirin sola mai bolt 12 su suka fi shan wahala: a mita 10 kacal, da amfiya 5 ɗin nan, kusan bolt ɗaya da rabi ya tafi.

Amma inda wuta ta fi tashi shi ne wurin haɗi. A murɗe waya biyu da filaya, a naɗe da salatef, a cusa cikin silin. Ranar farko lafiya lau. Bayan rani biyu gam ɗin ya saki, haɗin ya yi sako-sako, ya fara ɗumi, ga busasshen katako da ƙura a gefe. Bireka ba za ta faɗi ba, domin wutar da ke wucewa ba ta ƙaru ba. Kwanekta mai sukuru ba ta da tsada. A fere daidai, a ɗaure tam, kada jan ƙarfe ya leƙo waje, sannan a ɗan ja wayar a ji ko ta kama. Irin na Wago masu ɗan hannu da ake dannawa sun fi sauƙi, musamman inda waya mai silili da yawa ta haɗu da mai sili ɗaya. Kowane haɗi ya zauna cikin akwatinsa mai murfi, inda hannu zai kai gobe, kada a binne shi a filasta.

Bireka kuwa wayar take karewa. Layin fitila amfiya 6 ko 10 ya dace da shi. In tana yawan faɗuwa, wani zai ce a sa mai 32 a huta, daga nan wayar ce za ta narke kafin birekar ta motsa. A nemo abin da aka jona wa layin, sau da yawa dutsen guga ne ko hita.

Makunni a kan waya mai wuta ake sa shi, ja a tsohon tsari, ruwan ƙasa a sabo. In aka sa shi a kan baƙa ko shuɗiya, fitila za ta mutu amma mazaunin ƙwan yana nan da wuta. Kafin a taɓa komai a kashe babbar bireka, a cire janareta da inbata, a gwada da testa.