Farautar masu lalata da yara ta koma kasuwar kallo

A watan Maris na 2025 jaridar New York Times ta ƙirga hare-hare fiye da 170 da masu kiran kansu mafarautan masu lalata da yara suka kai tun daga 2023, kuma su da kansu suka ɗauki bidiyon suka sa a intanet. Duka, aske kai, tilasta wa mutum cin ƙazanta. Wannan ya tashi daga kare yara, ya koma sana'a.

Tushen ɓarnar kyamara ce. Babban mutum ne ke buɗe shafi da sunan yarinya 'yar shekara 13, ya yi ta hira har wani ya nemi su haɗu, sai a rutsa shi a wurin ajiye motoci ana yaɗawa kai tsaye. Da a ce yara ne damuwar, da an tattara hirar an miƙa wa 'yan sanda shiru. Amma shiru ba ya kawo masu kallo, masu kallo kuwa su ke kawo kuɗi. Wanda ya tsaya ga tambayoyi sai kasuwarsa ta mutu, wanda ya kai mari ta buɗe, gobe kuma dole a yi abin da ya fi mari. A Arnhem ta ƙasar Holan, a 2020, matasa suka yaudari wani tsohon malamin makaranta ɗan shekara 73, suka lakaɗa masa duka, ya mutu. A Rasha, ƙungiyar Occupy Pedophilia ta fake da wannan suna tana azabtar da 'yan luwaɗi. Mu da muka ga inda 'yan sa-kai suka kai Zamfara ba ma buƙatar dogon bayani.

Gaskiya ne mafarautan suna kama masu laifi. Alƙaluman da BBC ta samo sun nuna cewa a 2016 an yi amfani da hujjojinsu a kashi 44 cikin 100 na shari'o'in masu zuwa saduwa da yaro bayan sun yaudare shi, a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa. A 2020 Kotun Ƙolin Birtaniya ta amince a karɓi irin wannan hujja. Rashin isassun 'yan sanda ne ya buɗe musu ƙofa.

Sai dai mafi yawan yaran da ake lalatawa sun san mai yi musu: dangi, maƙwabci, malami. Tarkon intanet ba ya isa can. Inda ya isa ma yakan ɓata shari'a, domin wanda aka tona wa asiri a bainar jama'a kafin a kama shi yana da lokacin goge wayarsa. Lokacin da shirin To Catch a Predator na tashar NBC ya ɗana tarko a garin Murphy na jihar Texas a 2006, wani mataimakin mai gabatar da ƙara ya harbe kansa a gidansa da ke garin Terrell ana jiransa da kyamara a waje, kuma masu gabatar da ƙara suka yi watsi da tuhumar mutum 23 saboda hujjojin ba za su tsaya a kotu ba.